Shanun Indabo

Duk wanda ya yi wayo a Zangon Wagadugu tun kafin a zo da katafila a baje shi, ya san zauren Yahuza fatoma. Ko ƙafarka ba ta taɓa shiga ba hancinka ya sani, don tun daga kwanar masallaci warin man shanu da ɗanyar fata da gumin matafiya ke tarbar mutum. Fatoma shi ne mai masaukin masu shanu. Bafillace ya koro garkensa daga Jibo ko Dori ko Markoy, bai san kowa a birni ba, bai iya Mosanci ba balle Faransanci, sai ya sauka wurin fatoma. Shi zai ba shi tabarma da tuwo, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in mahauci ya so yi masa wayo, ya raka shi wurin likitan dabbobi a buga takarda. Aikin da Yahuza ya gada ke nan wurin ubansa, shi kuma uban ya gada wurin kakan da ya taso daga Katsina da jakuna zai je Gwanja sayen goro. Ya yada zango a nan, ya ga wata 'yar Mosi mai sayar da wake, goron da bai sayo ba ke nan.

Ɗan mutum ne Yahuza, ba tsawo ba jiki, in ya shiga tsakiyar shanu hularsa kaɗai ake hange. Amma saniya ya san ta ciki da bai. Ya dafa gindin wutsiya da babban yatsa, ya ɗaga leɓe ya leƙa haƙora, shi ke nan ya gaya maka shekarunta da irin kiwon da ta samu bara da yawan naman da mahauci zai fitar. Shekarar da aka sami mulkin kai yana ɗan arba'in, kuma daga Puytenga har Kaya babu kasuwar shanun da ba a san shi ba. Abin da ake faɗa a kansa guda ne, wato Yahuza ba ya cin amana. Gaskiya ne kuma, bai taɓa ci ba. Sai dai yana son ya ji ana faɗa, so mai tsanani. Yana lallaɓa sunan nan nasa kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihun riga, kuma lallaɓawar ce ta ja masa abin da zan ba ku labari.

Yana da ƙane guda, Salifu, uwa ɗaya uba ɗaya, Yahuza ya girme shi da shekara goma sha biyu. Salifu ɗan rakiyar shanu ne a jirgin ƙasa. A loda shanu a tarago a tashar Wagadugu, shi ya shige tsakaninsu da sanda da gorar ruwa, kwana uku ko huɗu yana tayar da wadda ta faɗi har su isa Abijan. Can ya ga abin da ya shiga ransa: wata ungozomar asibiti, baƙa kamarsa, da farar riga, manyan maza suna ba ta hanya. Da matarsa Mamunatu ta haifi 'ya mace, shekara guda bayan mulkin kai, ran suna ya jawo jar karsana har ƙofar gida ya ce a gaban jama'a ta jaririya ce. Sunan uwarsu aka sa wa yarinyar, ba mai iya kira, sai ake ce mata Indabo. Da ta isa shiga lakol, wato makarantar boko, da kansa ya kai ta, a lokacin da 'yan Zango ke ganin kai 'ya mace lakol asara ce tsagwaronta. In an yi masa tsiya sai ya ce, "Ku bar ni. Shanunta za su yi mata karatu, ita kuma ta karɓi haihuwar matanku."

Sanƙarau ya ɗauke shi a bazarar saba'in da ɗaya, kwana uku tsakanin ciwon kai da makara. Da aka raba gado aka haɗa rabon Indabo da jar karsanar nan da 'ya'yanta da jikokinta, suka tashi shanu goma sha bakwai cif. Liman ya damƙa su a hannun Yahuza a gaban shaidu, ya tuna masa abin da Allah ya ce game da masu cin dukiyar maraya, ba don yana zarginsa ba, don haka ake yi. Yahuza ya kai su wurin makiyayinsa Hammadun, a wata ruga gabas da Kaya, inda nasa arba'in da 'yan kai suke. Ya sa aka tsaga musu shaida daban a kunne, don kada ko da mantuwa ta Indabo ta shiga cikin nasa.

Mamunatu ta gama takaba ta ci gaba da zama a gidan, a ɗakinta na ƙurya, tana kitso tana riƙe da 'yarta. To, a wurinmu matar ƙane suruka ce. Wan miji ba ya zama da ita, ba ya kallon idonta, ita kuma ba ta kiran sunansa. In sun yi kiciɓis a tsakar gida ta durƙusa ta kau da kai, shi ya amsa gaisuwa yana tafiya. Shekara goma sha biyu suna gida ɗaya, maganar da ta shiga tsakaninsu ba ta wuce ina kwana da lafiya lau ba. In da saƙo, Kulu matar Yahuza ke kaiwa ta kawo, kuma saƙon bai taɓa wuce na sabulu da cefane ba.

Daminar saba'in da biyu ta yi wa mutane wasa da hankali. Ruwa ya zo a makare, ya yi sauka biyar ko shida, ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Da kaka, lokacin da ya kamata shanu su cika fata suna sheƙi, sai ga Hammadun a Zango da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili. Dogon dattijo ne marar yawan magana, shekararsu ashirin tare da Yahuza. Ya ƙi zama a zaure cikin baƙi, ya ja shi gindin darbejiyar bayan gida.

"Maigida," in ji shi, "tafkin da ke kai mu tsakiyar rani, yanzu haka tsagewa yake yi. Ciyawar da ke ƙasa ba za ta kai mu wata biyu ba. Na ga shekaru, ban ga irin wannan ba."

Yahuza ya ce, "Me ka gani a yi?"

"Biyu ne. Ko ka sayar yanzu da sauran nama a jikinsu, ko ka bar ni in bi 'yan'uwana kudu, wajen Po, har iyakar Gana in ta kama. Can akwai sammore, akwai ɓarayi, wasu za su mutu. Amma wasu za su dawo."

Yahuza bai yi musu ba, don shi ma idonsa ya gaya masa. Sati uku yana ganin irin shanun da ke shigowa kasuwa, yana ganin Fulanin da ko da wasa ba sa rabuwa da saniya mai ciki suna sayar da ita. Duk baƙon da ya sauka zaurensa shawara guda yake ba shi: sayar, sayar tun ana saye. Cikin kwana goma ya sa aka koro nasa arba'in ɗin, ya loda su jirgi zuwa Abijan, ya cika rumbu biyu da gero da dawa. Wannan ya yi daidai, ba mai cewa komai.

Saura goma sha bakwai. Nan fa mutumin da ke yanke shawarar garken wani kafin ya gama tauna goro ya tsaya yana juya hula. In ya sayar, me za a ce? Uban yarinya bai shekara biyu a ƙasa ba, wansa ya kai shanunta kasuwa. Ya san Zango sarai. Ya san yadda magana ke tashi daga bakin famfo da safe, ta isa unguwar Bilbalogo kafin azahar, ta dawo da la'asar ta ninka. Ya tuna wani dillali da ya sayar da rumfar marayun ɗan'uwansa, ƙila ma da kyakkyawar niyya, wanda har ya mutu in ya miƙa hannu a masallaci da yatsa biyu ake karɓa. Fatoman da aka ce ya taɓa kayan maraya, wane Bafillace ne zai sake sauka a zaurensa?

Kudu kuma fa? In suka mutu a dajin Po, ba mai gani sai Hammadun da ungulu, wa zai yarda mutuwa suka yi? Cewa za a yi an tsallaka da su Gana an sayar, an raba da Bafillace.

Abin haushin shi ne akwai hanya, kuma ya san da ita. Da ya je wurin liman ya faɗi gaskiyar abin da ya hango, da an tara shaidu an sayar, an adana wa yarinya abinta, ko an saya mata fili a unguwar Sisan. Amma a ganinsa zuwa wurin liman ma magana ce, ka ji Yahuza ya fara neman fatawar sayarwa. Ko kuma ya ajiye kunya na rabin sa'a, ya kira uwar yarinya ya ce, ga abin da ke tafe, me kika gani? Ina, bai yi ba. Abin da ya yi shi ne ya ce wa Kulu ta gaya wa Mamunatu shanun Indabo suna nan, ba abin da zai taɓa su. Kulu ta dawo ta ce ta gode, Allah ya ƙara girma.

Sai ya kira Hammadun ya ce, "Ka kawo su nan kusa, bayan baraj, madatsar da garin nan ke shan ruwa. Kowa ya riƙa ganinsu."

Hammadun ya ce, "Maigida, wurin nan mutane ne da yawa, ciyawa ce babu."

"Ni zan ciyar da su."

"Saniya goma sha bakwai, wata bakwai, da hannu?"

"Na ce zan ciyar da su."

Dattijon ya koma ruga. Ya tura 'ya'yansa kudu da nasa 'yan shanun, shi ya tsaya, don ya ce ba zai bar kiwon da ya fara ba.

Rani ya wuce da daɗi ba daɗi. Ana samun karan dawa a gonakin Mosi, ana samun harawa, Yahuza yana saye. Sai bazara ta shigo, wadda tsofaffin Zango har gobe in sun tashi kwatancen wahala da ita suke yi. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ruwan baraj ya ja baya ya bar laka, shanu na nutsewa har gwiwa kafin su kai baki ga abin da ya rage. Mutanen arewa suka yi ta kwararowa birni. Waɗanda bara suka sauka zauren Yahuza da shanu ɗari, bana suka dawo da sanda kaɗai da mata da yara. Bai kori kowa ba, wannan kam a ba shi. Tukunyar gidan ta koma uku, rumbunan nan biyu suka fara ja da baya.

A kasuwa saniya ta zama abin tausayi. Wadda da kaka za ta sayi buhun gero shida, yanzu roƙon mahauci ake yi ya karɓa da tiya biyu ko uku, shi ma fatar yake so. Ko Yahuza ya sake shawara, lokacin sayarwa ya wuce. Sai ya shiga cika alkawarin da ya ɗora wa kansa. Ya sayi angurya, ya bi mata masu surfe har Kamsogin yana sayen dusa. Har gidajen masu dafa burkutu ya je neman abin da suke zubarwa bayan sun tace, shi da ko ta ƙofarsu ba ya bi. Ya ɗauki hayar amalanken jaki yana kai ruwa a ganga. Abin da ya samu a nasa shanun, wanda bai shiga cikin baƙi ba ya shiga cikin shanun Indabo. Da ya ƙare ya sayar da mobilet, ɗan babur ɗin hawansa, Kulu ta fid da tasoshinta na jere. Ƙarshe jinkar rumfar zaure aka sauke, aka yayyafa mata ruwan kanwa aka ba su, suka ci.

Kullum da sassafe yana bayan baraj, kuma aikin farko shi ne tayarwa. Saniyar da yunwa ta ci, in ta kwanta ba ta iya tashi da kanta, sai an zura itace ta ƙarƙashin ƙirjinta mutum biyu su ɗaga, na uku ya kama wutsiya. Da shi da Hammadun da duk wanda Allah ya kawo. Wadda aka tayar ta tsaya tana rawar jiki, ido ya faɗa, ƙashin ƙugu a waje. Mutane kuwa suna gani, yadda ya so. Masu wucewa a keke sukan tsaya su ce, Allah sarki Yahuza, dubi yadda yake wahala da dukiyar marainiya. Kuma Allah ya yafe masa, a makonnin farko maganar tana yi masa daɗi.

Ta farko ta mutu a watan Maris. In saniyar amana ta mutu, makiyayi yakan yanko kunnen mai shaida ya kawo wa mai ita, hujjarsa ke nan. Hammadun ya kawo kunnen har zaure, Yahuza ya kira mutum biyu suka gani, ya barbaɗa masa gishiri ya sa a jaka. Bayan sati ya sake kiransu. Wasu an samu an yanka kafin rai ya fita, amma naman ba mai ci sai don dole. Kafin ƙarshen Afrilu shaidun sun fara ɓuya in sun hango shi, sun gaji da kallon kunnuwa.

Wata rana Indabo ta dawo daga lakol ta same shi a zaure yana ɗaure jakar. Tana aji biyar a lokacin, ita ce ta biyu a ajinsu, bakinta rabi Hausa rabi Faransanci. Ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, "Baba, metir, malaminmu, ya ce baɗi in na ci jarrabawa sai kolej. Jar saniyata tana nan ko?"

Ya ce tana nan. Tana nan ɗin kuwa, ita ce ma ta fi sauran ƙarfin hali, tsohuwa ce ta san wahala. Amma ya kasa duban yarinyar, ya ce ta shiga ciki, rana ta yi zafi.

Shida ne suka kai damina. Ruwan farko ya sauka a tsakiyar Yuni, Zango ta fito tana hamdala, Yahuza ya tsaya cikinsa ba hula. Kwana huɗu ƙasa ta yi kore-kore. Hammadun ya ce a ci gaba da ɗaure su ana ba su busasshe, don cikin da ya daɗe babu komai ba ya ɗaukar sabon tsiro, ga yashin da suke haɗawa da shi. To, busasshen ina yake? Babu, ba kuma abin saye. Aka sake su. Suka bi tsiron nan suna lasa har da ƙasa, zawo ya kama su, cikin kwana tara suka bi juna. Jar ce ta ƙarshe, ta mutu da ɗanyar ciyawa a bakinta. Yahuza ya zauna cikin taɓo kusa da ita ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne Salifu.

Da kaka 'ya'yan Hammadun suka dawo daga kudu. Cikin shanu talatin da suka tafi da su, goma sha tara sun dawo da ƙafarsu, har da maruƙa biyu. Hammadun bai ce ai na gaya maka ba. Da ma ya faɗa, da ya fi wa Yahuza sauƙi.

Abin da ya nema dai ya samu, ba wanda ya taɓa cewa ya ci dukiyar marainiya. Har wa'azi aka yi da shi, aka ce ku dubi mutumin da ya tsiyata kansa a kan amana. Yana zaune a sahu na biyu ana faɗa, kunya da baƙin ciki sun hana shi ɗaga kai. Don shi ya san abin da ba su sani ba. Ya hango fari tun yana nesa, ya tsere da nasa, ya bar na yarinya a kan hanyarsa don a gani a yaba.

Gidan bai tashi da wuri ba. Masu shanun da ke sauka wurinsa sun ƙare, zaure ya koma makwancin awaki. Indabo ta ci jarrabawarta, amma gurbin da gwamnati ke ɗaukar nauyi kaɗan ne, ba ta samu ba. Kolej na kuɗi kuwa, a gidan da ake cin tuwo sau ɗaya a yini, ko zancensa ba a yi. Ta ajiye littattafai ta ɗauki bokitin zomkom, ruwan geron nan mai sanyi, tana sayarwa a tashar mota. Yahuza ya daina bin hanyar tashar. In ta kama dole sai ya zaga ta bayan babbar kasuwa, tafiya ninki biyu, don kada ya ji ta tana ciniki da matafiya da Faransancin nan nata mai kyau.

Shekara bakwai yana tarawa, karsana ɗaya bana, biyu baɗi, yana hana kansa sabuwar riga. Da Indabo ta kai goma sha tara ta kawo wanda take so, wani direba ɗan Nijar mai suna Ɗanliti da ke jigila tsakanin Yamai da Wagadugu, aka sa rana. Lokacin miƙa amana ya zo ke nan. Yahuza ya kira liman da dattawa biyu, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Indabo ta zauna gefe, Mamunatu tana bayan zanan ƙofar ɗakinta, inda za ta ji ba a gan ta ba. Ya zazzage jakar a gabansu aka ga kunne goma sha bakwai. Sa'an nan ya ce yana da shanu tara a wurin Hammadun, ya ba Indabo su a maimakon nata, sauran takwas in Allah ya ba shi rai zai cika.

Liman ya ce shari'a ba ta ɗora masa ba, abin da fari ya kashe ba a ramawa, amma in kyauta ya yi Allah ya ba da lada. Ana shirin shafa fatiha sai murya ta fito daga bayan zana. Da farko Yahuza bai ma gane ta ba, don bai taɓa jin Mamunatu ta haɗa kalma biyar a gabansa ba.

"Yaya, a yi mini haƙuri, zan yi magana."

Yahuza ya ce ƙasa-ƙasa, "Muna ji."

"Shanu, in ta so ta karɓa, nata ne. Ni abin da ke cina daban ne, kuma na gaji da riƙe shi. Tun kakar nan na san za su mutu. Matan baƙinka nake yi wa kitso, ba abin da ban ji ba. Na so a sayar. Sau uku ina zuwa bakin zaure ina komawa. Na ce in na buɗe baki za a ce daga fita takaba ta sa ido a kan shanun 'yarta, kayan ɗaki take nema ta yi wani aure. Sai na yi shiru, na ce ai Yaya ya fi kowa sanin shanu, zai sayar. Ranar da Yaya Kulu ta zo ta ce ba abin da zai taɓa su, na yi godiya, na shiga ɗaki na yi kuka."

Yahuza ya juya ya dubi ƙofar. Taku goma ne tsakanin zaurensa da ƙofar ɗakinta. Duk makonnin nan yana wannan gefe yana jiran wanda zai ce masa sayar, tana wancan gefe tana son ta faɗa, kowa na gadin sunansa.

Indabo ce ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɗaga kai ba, tana wasa da bakin tabarma.

"Baba, na karɓa, na gode, Allah ya saka. Na yafe maka. Inna, ke ma na yafe miki. Abu ɗaya ne ban gane ba. Duk kun ji tsoron abin da Zango za ta ce. Ni da nake cikin gidan, ba wanda ya ji tsoron abin da zan ce."

Liman ya yi gyaran murya ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, dattawa suka nemi takalmansu da sauri.

Yahuza ya yi shekara goma sha ɗaya a duniya bayan wannan, ya kuma cika takwas ɗin kamar yadda ya ce. Fari ya sake zuwa a tamanin da huɗu. Tun kaka ya tafi Sisan da ƙafarsa, inda Indabo ke aure da 'ya'yanta biyu da teburin kayan miya a ƙofar gida, ya zauna a tabarmarta ya ce, ga abin da ke tafe, me kika gani? Ta ce a sayar. Ya koro shanunta da rana tsaka, ya sayar a tsakiyar kasuwa a gaban kowa, ba a rasa ko ɗaya ba. Ya dawo gida ya zauna a zaure yana jiran maganar Zango. Ya jira sati, ya jira wata. Ba wanda ya ce uffan, ko mutum ɗaya, kowa na fama da abin da ya dame shi. Kulu ta ce a duk abin da ya same shi ba wanda ya ci masa rai kamar wannan shirun, kuma da shi ya koma ga Allah.